Ejan ya ce in fito diraf, Baba ya ce sai na gama digiri

Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah a sakaya sunana da na makarantarmu. Ni ɗan Arewa ne, shekarata 21, ina karatu a wata jami'a a Amurka da sikolashif ɗin ƙwallon kwando, yanzu ina shekara ta uku. Tsawona ƙafa 6 da inci 9, a ƙarƙashin kwando nake wasa. Bana Allah ya dafa min, a kowane wasa ina cin kamar maki 14 ina kuma cafke ƙwallo 9 in ta dawo daga kwando, har sunana ya fara fitowa a jerin hasashen da ake yi a intanet na waɗanda za a ɗauka a diraf ɗin NBA, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da kulob-kulob na babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka suke yi duk shekara. Wani ya sa ni na 47, wani na 55, wasu ko ambatona ba su yi ba. Matsalata jifa daga nesa, gaskiya ban iya ba, ko jifan kyauta ma cikin goma shida nake ci. Bara kuma an yi min aiki a gwiwa, ta warke alhamdulillahi amma wani lokacin tana ɗan kumbura.

Akwai wani ejan, wato wakilin da ke nema wa 'yan wasa kwantiragi, da ya matsa min da waya, ya ce ya san kulob biyu da suke so na, in bar makaranta kawai, har ya ce zai fara tura wa gida kuɗi tun yanzu kafin a yi diraf ɗin. Kocinmu ya ce in ƙara shekara ɗaya. Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ya ce bai yarda in dawo masa ba kwali ba. Yayana kuma, wanda shi ya sayar da babur ɗinsa lokacin da zan taho, ya ce in na bar wannan damar na cuci gida, ga bikin ƙanwarmu ya matso ga haya. Mama ba ta cewa komai sai addu'a. A unguwa an gama yaɗawa wai na zama miloniya alhali wallahi wani watan sai na yi dabara nake tura dala 200. Barci ya gagare ni Yaya. In na tsaya ina tsoron gwiwar ta sake tashi in rasa komai, in na fita ina tsoron a gama kiran sunaye ba a kira nawa ba. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya ƙara lafiya ya kuma sanya albarka a wannan baiwar da ya ba ka. Na karanta wasiƙarka a tsanake, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan rashin barcin, don yaro mai shekara 21 da ke can wata uwa duniya shi kaɗai yana ɗauke da hayar gida da bikin ƙanwa da burin mahaifi da bashin alherin yaya duk a kai ɗaya, ai dole barci ya gudu. Tsoron da kake ji ba ragwanci ba ne, duka biyun abin tsoro ne na gaske, gwiwa tana iya tashi, kuma ana iya gama kiran sunaye ba a kira naka ba. Amma ina so ka san tun daga nan cewa zaɓin da ke gabanka bai kai tsananin da ake nuna maka ba. Ejan ya nuna maka ƙofa ɗaya, Baba ya nuna maka ɗaya, kowa na cewa in ka shiga tasa ɗayar ta rufe, alhali tsarin da kansa ya bar wata hanya a tsakiya wadda za ka leƙa ka ga ainihin darajarka a kasuwar sannan ka dawo aji in abin bai yi ba. Ita nake so ka bi.

Bari mu fara da lissafi tukunna don shi ne mutanen gida ba su sani ba. Kulob 30 ne a NBA, diraf kuma zagaye biyu ne, mutum 30 a kowanne, wato 60 a shekara, wani lokacin ma 58 ko 59 in an ƙwace wa wani kulob damarsa saboda laifi. Cikin 60 ɗin nan akwai yaran Faransa da Sifen da Sabiya da Ostireliya da ba su taɓa taka jami'ar Amurka ba, sauran kuma sai jami'o'i sama da 350 na babban rukuni su raba. Wanda aka ɗauka a zagayen farko shi ne ya haye, don dokar NBA ta tabbatar masa da albashin shekara biyu ko ya buga ko bai buga ba, ko na 30 ne kuɗinsa na shekarar farko ya haura dala miliyan 2. To amma daga na 31 zuwa ƙasa babu wannan tabbacin, sai abin da aka yi ciniki. Na farko-farkon zagaye na biyu da yawa suna samun kwantiragi mai kyau, amma can wajen 47 da 55 inda ake hasashenka, abin da aka fi bayarwa shi ne kwantiragin raba ƙafa, rabi kana babban kulob rabi kana ƙaramar gasarsu ta G League. Kuɗinsa a 'yan shekarun nan ya haura dala 500,000 a shekara, ba ƙaramin abu ba ne ban raina ba, sai dai kulob yana iya sallamarka a tsakiyar kaka, kuma ba duka kuɗin ne ake tabbatar maka tun farko ba. Wanda ko wannan bai samu ba ya faɗa G League zalla, albashinsa na kaka guda bai kai dala 50,000 ba, a ciki za a cire haraji. Ka ga nisan da ke tsakanin na 28 da na 55 kenan, a baki duk "an ɗauke shi a NBA" za a ce a unguwa, a aljihu kuwa sama da ƙasa ne.

Shi kuma jerin hasashen nan na intanet, kar ka bari ya zame maka abin dubawa kullum da asuba. 'Yan jarida ne da masu sharhi suke rubutawa, wasu sun san aikinsu sosai wasu kwafa kawai suke daga juna, kuma ko waɗanda suka iya ɗin sun fi dacewa a goman farko, in aka gangara ƙasan 40 kusan canke ne. Wanda ya sa ka na 47 ba shi da kulob, ba shi zai sa hannu a cek ba. Akwai waɗanda maganarsu ta fi tasa nauyi kuma kyauta za su ba ka amsa. NBA tana da wani kwamiti na shugabannin kulob-kulob da aka kafa musamman don ɗalibai irinka, kana cike takarda ta hannun makarantarku wajen watan Afrilu, su kuma su dawo maka da amsa a rubuce, su ce muna ganin za a ɗauke ka cikin 14 na farko, ko sauran zagayen farko, ko farkon zagaye na biyu, ko ƙarshensa, ko kuma ba za a ɗauke ka ba sam. Neman wannan amsar ba ya taɓa sikolashif ɗinka. Gobe-goben nan ka je ofishin da ke kula da dokokin 'yan wasa a makarantarku ka ce kana so a nema maka, kar ka tsaya jiran koci ya kawo maganar.

Daga nan sai ka sa sunanka a diraf ɗin a matsayin mai gwaji, ana rufe karɓar suna wajen ƙarshen Afrilu. A watan Mayu ake babban gwajin nan na Chicago inda ake gayyatar mutum saba'in da wani abu, a auna tsawonka ba takalmi, a auna faɗin hannuwanka, tsalle, gudu, jifa, likitoci su duba ka ciki da bai, kulob-kulob su zaunar da kai su yi maka tambayoyi. In ba a gayyace ka can ba akwai ƙaramin sansani na G League da ake yi kafinsa wanda daga ciki ake ɗaga wasu zuwa babban, kuma kulob na iya kiranka garinsu ka yi musu atisaye. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ranar janyewa. A dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, kwana goma bayan an gama gwajin Chicago ne wa'adin, wato ƙarshen Mayu, in ka janye sunanka a rubuce kafin lokacin ka koma makaranta kamar ba a yi ba. Ita NBA tata ranar janyewar tana can cikin Yuni, kuma nan ne yara suke faɗawa rami, su ɗauka ta NBA ce tasu, su wayi gari sun rasa damar buga wa jami'a. Dokokin nan suna yawan canzawa shekara zuwa shekara, saboda haka ka sa ofishin nan su rubuta maka ranakun bana a takarda ka manna a bangon ɗakinka.

Yanzu maganar ejan, kuma nan zan ɗan ɗaga murya ka yi haƙuri. Ban ce mugu ba ne, ban san shi ba, sana'arsa yake yi kuma akwai na kirki da yawa a cikinsu. Amma mutumin da ya ce zai fara tura wa gidanku kuɗi tun kana ɗalibi ya ce kuma ka bar makaranta kawai, wallahi ko dai bai san doka ba ko kuma ya sani sarai yana so ya ɗaure ka. In kuɗinsa ya shiga hannun yayanka ko na Mama, ana iya cewa ka karɓi abin da doka ta hana, hanyar komawar da nake ta faɗa maka ta toshe, daga nan ba ka da wani zaɓi sai abin da ya kawo maka ko mai kyau ko marar kyau. Kuma kuɗin ba kyauta ba ne, bashi ne da za a zare daga albashin da ba a ma samu ba tukunna. Tun 2019 an yarda ɗalibi ya ɗauki ejan lokacin gwaji ba tare da ya rasa makaranta ba, amma sai wanda NCAA ta tantance, da yarjejeniya a rubuce, kuma abin da zai kashe maka bai wuce na abinci da zirga-zirgar gwajin ba. To ka tambaye shi kai tsaye, kana cikin waɗanda aka tantance? Ka sa ofishin makaranta su duba sunansa. Ka tambaye shi kulob biyun nan su waye, wa ya yi magana da shi a can, me suka ce za su bayar, lamba ta nawa, shekara nawa tabbatattu. "Suna son ka" romon baka ne, kowane kulob yana son yara ɗari a watan Afrilu. Ka kuma nemi ya haɗa ka da yaran da ya wakilta waɗanda ba a ɗauka ba, ba taurarinsa ba, ka ji yadda ya yi da su bayan daren diraf. In ya fara kame-kame ko ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka samu amsarka. Ka sani kuma ƙungiyar 'yan wasan NBA ta ƙayyade ladan ejan, ba ya wuce kashi 4 cikin 100 na kwantiragi. Sannan ka kira yayanka yau ka roƙe shi, ko sisi kar ya karɓa daga hannun kowa da sunanka, don irin waɗannan mutanen in suka ga yaro ya ƙi sai su zagaya ta gida.

Koci ma ka saurare shi da kunne biyu amma ka tuna shi ma yana da nasa, in ka tsaya ƙungiyarsa ta fi ƙarfi aikinsa ya fi zama lafiya. Wannan bai sa maganarsa ta zama ƙarya ba. Abin da za ka nema a wajensa shi ne bayani dalla-dalla, in na dawo me zai canza? Za ka bar ni in riƙa fitowa waje ina jifa ko dai za a ci gaba da dasa ni ƙarƙashin kwando don a ci wasa? Wa zai tsaya min a kan gyaran jifa duk bazara? Don in shekarar da za ka ƙara irin ta bana ce sak, maki 14 ya koma 16, to a idon masu farautar 'yan wasa ba ka ƙaru da komai ba sai shekara, kuma su shekara abin ragi ce a wajensu, ɗan 19 da bai iya ba ya fi musu ɗan 22 da ya iya rabi.

Zan gaya maka gaskiya a kan wasanka yadda ka siffanta shi, don na ga kai ma ba ka ɓoye ba kuma na ji daɗin hakan. Ƙafa 6 da inci 9 a jami'a dogo ne, a NBA kuwa waɗanda za ka tsare a ƙarƙashin kwando da yawa sun kai ƙafa 7, masu irin tsawonka kuma ana so su iya jifan maki uku su kuma iya bin gajeru masu gudu a waje. Layin maki ukun ma ya fi nisa, a jami'a mita 6.75 ne a NBA kuma 7.24 daga tsakiya, lokacin kai hari daƙiƙa 24 ne ba 30 ba, wasa 82 a kaka ba talatin da 'yan kai ba. Jifan kyautan nan da ka ce shida cikin goma, shi suke fara dubawa in suna so su gane ko hannun mutum zai gyaru nan gaba, don babu mai tsare ka babu uzuri. In ka ɗaga shi ya kai bakwai da rabi, ka fara jefa na maki uku daga kusurwa kana ci ko da ɗaya cikin uku ne, labarinka ya canza gaba ɗaya. Ka dubi Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, a 2022 shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka kaf yana jami'ar Kentucky, yana cafke ƙwallo 15 a wasa, amma da ya shiga diraf a 2023 har aka gama ba a kira shi ba, sai raba ƙafa ya samu a kulob ɗin Indiana, saboda irin wasansa na ƙarƙashin kwando ne zalla ga shi ba shi da tsawon da zai rufe wannan. Ka dubi kuma Zach Edey na jami'ar Purdue, ya gwada a 2023 ya ga ba a ba shi abin da yake so ba ya janye, ya dawo ya ƙara gyara jikinsa da motsinsa, a 2024 Memphis ta ɗauke shi na 9. Udoka Azubuike ɗan Legas ma ya sa suna a 2018 ya janye ya koma jami'ar Kansas, ya ji ciwo a hannu kakar da ta biyo baya ta lalace masa, duk da haka ya dawo ya gama aka ɗauke shi na 27 a 2020. Na kawo maka su ukun ne don kar in yaudare ka, komawa makaranta ba ta da garanti, Tshiebwe ma ai komawa ya yi bayan shekararsa mafi kyau. Abin da ya raba su shi ne me mutum ya ƙara a shekarar da ya tsaya.

Sannan ka cire wa ranka cewa in ba a kira sunanka a daren nan ba rayuwa ta ƙare. Gabe Vincent da ya buga wa Najeriya, ba a ɗauke shi ba a 2018, ya yi ta fama a G League, Miami ta ba shi raba ƙafa a farkon 2020, ya buga wasan ƙarshe na NBA a 2023, Lakers suka ba shi dala miliyan 33 na shekara uku. A ɗaya gefen kuma Ejike Ugboaja an kira sunansa na 55 a 2006, Cleveland ce ta ɗauke shi, amma bai taɓa buga musu wasan gasa ko ɗaya ba. Ga Turai nan, Sifen da Turkiyya da Faransa da Jamus da Italiya, ga Japan ga Ostireliya, dogo mai ƙwazo da lafiyayyar gwiwa yana iya shekara goma yana cin abinci mai kyau a can ya gina gida ya aurar da ƙanne. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ko minti ɗaya bai buga a NBA ba, a Turai ya yi wasansa, ya fara farautar 'yan wasa ba ko albashi, shi ne ya zo ya shugabanci Toronto har suka ci kofi a 2019.

Gwiwar nan kuwa kar ka yi wasa da ita kuma kar ka ɓoye ta. Kumburin da kake gani ka kai wa likitan ƙungiya yanzu, ka nemi a sake ɗaukar hoton ciki, in da hali ka ji ta bakin wani likitan daban wanda ba makaranta ke biyansa ba. A Chicago dole za su gano komai, gara kai ka riga su sani. Ka ga abin da ya sa ban yarda da lissafin "in fita da wuri kafin ta tashi" ba, in gwiwar ba ta da ƙwari likitocin kulob za su gani su ja baya, in kuma ta tashi kana kan kwantiragin da ba tabbas sallamarka za a yi, alhali a makaranta akwai likita da masu gashin ƙashi da motsa jiki da ɗaki da abinci da aji. Ka tambayi makaranta maganar inshora ma, akwai irin wadda ake yi wa 'yan wasan da ake hasashen za a ɗauka saboda rauni, a duba ko ka cancanta kuma wa zai biya.

Na san za ka ce to kuɗin fa, ai gida ba za su ci haƙuri ba. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da suke kira NIL, daga 2025 kuma makarantu da kansu suka fara raba wa 'yan wasa kuɗi kai tsaye. Shi ya sa ma yara suka rage gaggawar fita, a 2021 sama da mutum 350 ne suka sa suna da wuri, a 2025 kuwa ɗari da 'yan kai ne, don da yawa sun ga abin da za su samu a jami'a ya fi na ƙarshen zagaye na biyu. Matsalarka kai ita ce bizar ɗalibi, wadda ta hana aiki a cikin Amurka sai ɗan abin da aka ƙayyade, kuma na tabbata ita ta sa kake fama da dala 200 abokan wasanka suna canza mota. Amma ba a rasa hanyoyi na halal ba, Tshiebwe ɗin nan lokacin da ƙungiyarsu ta je Bahamas a 2022 a can ya yi tallace-tallacensa tunda ba ƙasar Amurka ba ce. Kar ka kwaikwayi kowa da ka, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka kuma nemi makaranta ta haɗa ka da lauyan shige da fice, su faɗa maka abin da ya halatta gare ka a rubuce. Kuma da yadda biza ta yi wa 'yan Najeriya tsauri tun 2025, kar ka kuskura ka taka waje da Amurka sai lauyan ya tabbatar maka za ka iya dawowa. Ka tuna kuma ranar da ka bar makaranta bizar ɗalibin ta tafi, ta ƙwararren ɗan wasa kuma a jikin kwantiragi take rataye. Ejan ya faɗa maka wannan? In makarantarku ta ce ba ta da abin da za ta yi maka alhali kana ba su maki 14, akwai damar canza makaranta, yanzu ana yi ba tare da an zauna shekara ba a buga ba, sai dai ka lissafa ko darussanka za su bi ka don kar digirin ya ƙara nisa.

Sai mutanen gida, kuma a ganina nan ne ainihin abin da ke hana ka barci. Yayanka ba maƙiyinka ba ne ƙanina. Mutumin da ya sayar da abin hawansa don ka hau jirgi, yau yana ganin hotonka a intanet mutane na yi masa barka shi kuma mai gida na buga masa ƙofa, dole ransa ya yi zafi. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma kai ma da hannunka a ciki tunda ka yi shiru kana ta dabara kana turawa ba ka taɓa buɗe musu lissafin ba don kar a ce ka gaza. Ka kira shi shi kaɗai ta bidiyo, ba a gurup ɗin gida ba, ka fara da godiya ka ambaci babur ɗin da bakinka don ya san ba ka manta ba, sannan ka nuna masa lambobin nan da na faɗa maka, ga abin da na 25 ke samu, ga na 55, ga wanda ba a ɗauka ba. Ka nuna masa ko a mafi kyawun hali albashin NBA ba ya fara shigowa sai kaka ta kama wajen ƙarshen shekara, saboda haka diraf ɗin Yuni ba zai yi kayan ɗakin bikin da ya matso ba sai dai ta hanyar bashin ejan, wanda shi ne guba. Ka faɗa masa abin da za ka iya turawa duk wata tsakaninka da Allah, a yi bikin daidai ƙarfi. Ɗan kasuwa ne ko mai sana'a, ya san ba a cinikin biri a sama, in ya ga lissafi zai sauko ko da ba a ranar ba.

Baba kuma yana da gaskiyarsa babba, shekara ɗaya ta rage maka, kuma ƙwallo sana'a ce da ake ritaya daga ita mutum bai kai 35 ba in ma an yi sa'a. Amma ka yi masa bayani cikin ladabi cewa sa suna don gwaji ba barin makaranta ba ne, ka nemi izininsa da albarkarsa kafin ka sa, kar ya ji a bakin 'yan unguwa. Ka gaya masa kuma akwai doka tun 2019 da ta wajabta wa manyan jami'o'i su biya wa ɗan ƙwallon kwandon da ya yi aƙalla shekara biyu ya tafi kuɗin karatu in ya dawo ƙarasawa cikin shekara goma, ka sa makaranta ta ba ka wannan a rubuce ka tura masa, malami ne takarda za ta kwantar masa da hankali fiye da rantsuwa. Mama da ka ce ba ta cewa komai, ka kira ta ka tambaye ta ra'ayinta ita kaɗai, shirun uwa ba rashin magana ba ne, kuma wataƙila ita ce za ta iya zaunar da Baba da yayanka wuri ɗaya.

In ni ne kai ga yadda zan yi. Kafin in tafi ko'ina zan zauna in rubuta sharaɗina a takarda in ba Baba kwafi in ba wani babba da na yarda da shi a nan, don in an shiga ɗakin otal ana zuga mutum hankali gushewa yake. Sharaɗin shi ne, in kwamitin nan ya ce zagayen farko, ko wani kulob da bakin shugabansa ya yi alkawarin kwantiragi cikakke mai tabbacin aƙalla shekara biyu, lauya ya ji ya gamsu, to bismillah na tafi, digiri na ƙarasa daga baya. In abin da aka samu ƙarshen zagaye na biyu ne ko raba ƙafa ko "za mu gani", na janye tun saura kwana biyu wa'adi ya cika, na koma da jerin abubuwan da kulob-kulob suka ce in gyara, in kwana a kan layin jifan kyauta duk bazara. Da abin da ka faɗa min na jifanka da gwiwarka, zuciyata ta fi ba ni cewa komawar ce za ta kasance, kuma ban ga asara a ciki ba, za ka fito baɗi da kwali a hannu da gwiwar da ta ƙara shekara tana aiki lafiya, wanda shi kansa hujja ce a wajen likitocinsu. Amma ka je ka ji da kunnenka, kar ka ɗauki hasashena ni ma a matsayin hukunci.

Ka yi istihara, ka rage leƙa jerin hasashen nan zuwa sau ɗaya a sati, in rashin barcin ya ci gaba ka je wajen masu ba da shawara na makarantarku, kyauta ne ga ɗalibai kuma ba abin kunya ba ne. In amsar kwamitin ta fito ka sake rubuto min mu duba ta tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ka gaishe min da su Baba.